Motar da ba ta tashi sai ta cika

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya jama'a, ya kuma haƙuri da mu masu yawan ƙorafi. Don Allah ka ɗan sammin fili a jaridar nan taku in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, in ka ga ya yi tsawo ka yi haƙuri kar ka datse min shi, mutumin da ya saba zaman jiran mota dole bakinsa ya tara magana.

Ni malamin firamare ne, a Gumel nake zaune da iyalina amma makarantar da nake koyarwa tana wani ƙauye ta wajen ƙasar Sule Tankarkar, kuma na fi shekara goma ina wannan kai-komo, wani lokaci a babur ɗina in yana da lafiya kuma aljihu na da lafiya, wani lokaci a motar haya. Don haka abin da zan faɗa ba labarin an ce ka ce ba ne, a jikina na ji shi, har yanzu ma in na zauna ƙuguna yana tuna min.

Maganar ita ce mota tsakanin ƙananan garuruwanmu da ƙauyukan da ke kewaye da su. Duk sanda aka yi maganar sufuri a rediyo ko a jarida sai ka ji ana ta lissafin Kano zuwa Abuja, Maiduguri zuwa Kano, Katsina zuwa Kaduna, to mu fa masu Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa zuwa Gujungu, Hadejia zuwa Guri da Kirikasamma, Kazaure zuwa Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, wa yake lissafi da mu? Kuma wallahi in za a ƙirga ƙafar da ke shiga mota kullum a jihar nan, mafi yawanta gajeriyar tafiya take yi, daga ƙauye zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, asibiti, kasuwa, kotu, banki, gaisuwar mutuwa, ɗaurin aure, a dawo gida kafin magariba. Wanda zai je Abuja sau ɗaya a shekara yana da tasha mai rumfa da tikiti, wanda zai je Gumel sau biyu a sati yana da gindin darbejiya da addu'a.

Bari in ba ka misali da wata safiya da ba na mantawa. Na fito tasha tun bayan asuba zan je Dutse kan maganar takardun ƙarin girma, na tarar da wata Sharon tana lodi, ɗan kamasho yana ta ihu saura mutum biyu, saura mutum biyu, na leƙa na ga da gaske ta kusa cika, na biya na shiga na matse. Muna zaune muna zaune sai na ga na kusa da ni ya ce bari ya je ya kama ruwa, bai dawo ba. Can wani fasinja ya zo, sai wani daga baya ya sauka wai ya manta wayarsa a wajen mai caji. Ashe Malam Edita rabin mutanen da na tarar a ciki 'yan cika ido ne, yaran tasha ne ake zaunar da su don wanda ya zo ya ga kamar yanzu za a tashi, ana samun fasinjan gaske sai ɗaya ya zame. Ni ɗan gari ne na san da wannan dabarar amma duk da haka ta ci ni, don kullum sai ka ce yau dai ƙila da gaske ne. A cikin motar akwai wata dattijuwa da 'yarta mai tsohon ciki, ƙafafunta duk sun kumbura, an turo su Jahun ne, ka san can ne ake kai matan da haihuwa ta zo musu da matsala saboda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da ke aiki a babban asibitin garin tun 2008. Tun dare suka baro ƙauyensu a amalanke zuwa bakin titi, daga nan ɗan acaɓa ya ɗauko su su biyu zuwa Gumel, ga su yanzu a mota rana tana ta ɗagawa yarinyar tana ta cije baki ba ta ce komai ba. Tsohuwar ce kawai lokaci-lokaci take cewa direba, ɗan nan yaushe za mu tashi, shi kuma ya ce Inna yanzu in sha Allahu, saura mutum ɗaya. Wajen ƙarfe tara da rabi wani bawan Allah mai sayar da fata ya ce kai wannan abu ya isa, mu haɗa kuɗin kujerar da ta rage, muka yi karo-karo muka biya kuɗin iska, sannan aka nemo direba a wajen mai shayi, sannan ya ce sai ya biya ya sha mai. Ni na isa sakatariya wanda zan gani ya fita, aka ce in dawo jibi. Su kuma na bar su a Jahun suna tsallaka titi a hankali, ban san yadda ta ƙare ba, Allah Ya sa ta sauka lafiya.

To ka ga a ranar kuɗin mota bai fi ƙarfina ba, na biya har da na kujerar da ba kowa. Abin da aka cinye min wuni ne guda, da wani kuɗin motar na jibi, da yaran aji huɗu da suka zauna ba malami kwana biyu. Wannan asarar ba wanda yake rubuta ta a ko'ina. Mutumin ƙauye in zai yi tafiyar da mota ke yi a minti arba'in sai ya ware mata yini, ya bar gona, ya bar dabbobi, ya bar sana'a, saboda bai san yaushe motar za ta zo ba kuma in ta zo bai san yaushe za ta tashi ba, dawowa kuma wannan sai yadda hali ya yi. Mun saba har mun ɗauka haka Allah Ya halicci tafiya.

Kar direbobi su ce na ci mutuncinsu, wallahi ban ga laifinsu ba, ƙanin matata direba ne, tsohuwar Golf yake ja ta wani Alhaji, na sha zama da shi da daddare yana lissafi a bayan kwalin sigari. Mai ya ci kaso mafi tsoka, sai balas na mai mota da dole a kai ko an samu ko ba a samu ba, sai kuɗin yuniyon a tasha, sai na ɗan kamasho, sai na goro a shingayen hanya wanda kowa ya san da shi ba sai na faɗi suna ba, sai faci, sai bakanike, sai baƙin mai, in taya ta fashe kuma ranar an yi aikin banza. Kuma hanyar ƙauye ba kamar ta birni ba ce, da safe kowa fitowa yake yi, da yamma kowa komawa yake yi, don haka sawu ɗaya a cike sawu ɗaya wayam, dole ya ɗora kuɗin komawar a kan na zuwa. Mutumin da ke cikin wannan hali ka ce masa ya tashi da fasinja uku don ƙarfe bakwai ta yi? Ai sai ya ce ka zo ka ja da kanka. Shi ya sa ake gaba biyu baya huɗu, but a buɗe da mutum biyu sun zuro ƙafafu waje, wani ma yana raba kujera da direba har giya tana shiga tsakanin gwiwoyinsa. Kowa ya san ganganci ne, shi ma direban ya sani.

Abin ya ƙara dagulewa tun 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 cikin kwanaki ta haura 500, a watan Yuli ta kai 617, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000, wannan ma a gidan mai kenan, mu da muke sayen na galan da na kwalba a wajen 'yan bumburutu a ƙauye namu ya fi haka. Abin da mutanen birni ba su lura da shi ba, a ƙauye tsadar ba ita kaɗai ta zo ba, motocin ne ma suka ragu. Hanyar da a da za ka ga mota uku huɗu a rana ta koma ɗaya, wata ma sai ranar kasuwa, saboda fasinja ya ragu, da fasinja ya ragu jira ya ƙaru, da jira ya ƙaru mai ɗan hali ya hau acaɓa, da ya hau acaɓa motar ta ƙara rasa mai cika ta, haka abin yake ta cin kansa. Mu ma'aikata an ce mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, mun gode, amma manomi da mai tallan nono da mai saƙar tabarma wa ya ƙara musu?

Wani abu da na lura da shi, duk sanda aka ƙara kuɗin mai a ƙasar nan sai a sayo bas. Zamanin Babangida a 1988 aka fito da shirin mas taransit. A Janairun 2012 da Jonathan ya cire tallafi aka yi zanga-zanga sai ga bas-bas sama da dubu an jera ana yanka kirtani. A 2023 aka ce motoci masu amfani da gas ɗin CNG, aka ce za a ba kowace jiha biliyan 5 na rage raɗaɗi, a Disambar shekarar kuma aka yi rangwamen rabin kuɗin mota da jirgin ƙasa kyauta na bukukuwan ƙarshen shekara. Duk ba na raina su. Amma ka duba da kyau ina motocin nan suke bi, manyan birane ne da manyan tituna. Gas ɗin ma a ina mai motar Gagarawa zai sha shi? Haka kamfanonin jihohi da muka sani, Borno Express, Yobe Line, Gombe Line, Kano Line, Yankari Express, Adamawa Sunshine, KTSTA ta Katsina, sun taimaki matafiya ƙwarai kuma ni ma na hau wasunsu na ji daɗi, sai dai ƙarfinsu yana kan doguwar tafiya ne daga babban gari zuwa babban gari, don nan ne kuɗi yake. Abin da ya ɗan burge ni shi ne na Borno, da Gwamna Zulum ya fito da bas na naira 50 a cikin Maiduguri, sannan a daminar 2023 ya ba da motocin kai manoma gona kyauta, wannan na biyun shi ne na ji ya yi kama da wanda ya tuna akwai mutane a bayan gari.

Mu a Jigawa abin takaicin ma shi ne titi muna da shi daidai gwargwado. Duk wanda ya zaga jihohin arewa ya san hanyoyinmu ba su cikin na baya, tun zamanin Sule Lamido aka shimfiɗa kwalta da burji zuwa garuruwan da a da sai a raƙumi ko a ƙafa saboda rairayi, waɗanda suka biyo baya ma sun ɗora. Sai ka ga titi lafiyayye ya miƙe fetal tsakanin gonakin riɗi da zoɓo, ka tsaya a bakinsa awa guda ba abin da ya wuce sai amalanke da garken awaki da babur ɗaya ɗauke da mutum huɗu. An kashe miliyoyi an yi hanya, ba a kashe ko kwabo kan abin da zai bi ta ya ɗauki talaka ba, kamar a gina rijiya a hana guga ne.

Ranar da za ka ga motsi ita ce ranar kasuwa. Ka zo Gumel ranar Alhamis da sassafe ka ga yadda ake ɗurawa zuwa Maigatari, akori-kura da motoci ƙirar Kanta da tsofaffin J5, buhunan riɗi da wake a ƙasa, tumaki a tsakiya an ɗaure musu ƙafa, mutane a sama sun jeru a kan ƙarfe kowa ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura, mata a can kusurwa rungume da ƙwarya. Haka ranar Lahadi a Gujungu, inda hanyoyin Kano da Hadejia da Gumel da Jahun suka haɗu. A ranar mota ba ta jiran kowa, ana cika ana tashi. Shi ya sa mutanen ƙauyen da nake koyarwa komai nasu a kan ranar kasuwa suke ɗora shi, har rashin lafiya. Na rantse na sha jin uba yana cewa a bari zuwa Alhamis a kai yaron asibiti tunda akwai mota, alhali ranar Litinin zazzaɓin ya kama shi. Dawowar kuma ita ce abin tsoro, bayan magariba, mota ta sha kaya fiye da na safe, fitila ɗaya, direba ya gaji, wanda bai samu wuri ba ya kwana a rumfar kasuwa.

Sai ɗalibai. Tunda jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta yaro ɗan ƙauye sai a tura shi cibiya a Dutse ko Hadejia ko Kazaure a ce ya kasance a wurin tun sassafe. Wace mota ce za ta kai shi? Dole ya tafi tun jiya ya nemi inda zai raɓa, namiji ya kwana a masallaci, mace kuma in ba dangi a garin sau da yawa uban sai ya ce a haƙura. Muna da jami'ar tarayya a Dutse, ta jiha a Kafin Hausa, kwalejin ilimi a nan Gumel, foliteknik a Kazaure da Hadejia, duk a kusa da mu suke a taswira, amma a ƙafar mota suna da nisa.

Abin da nake roƙo, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan, a ba mu mota mai lokaci. Ko tsohuwa ce, ko ba ta da na'urar sanyi, ko fentinta ya koɗe, in dai kowa ya san ƙarfe bakwai na safe tana barin ƙauye kaza ta bi ta kaza da kaza ta iso Gumel, ƙarfe huɗu bayan la'asar ta juya, da mutum uku ko da mutum sha takwas, to wallahi ta fi mana bas ɗari masu hoton gwamna da za a jera a filin taro. Kuma na yi imani in ta yi wata biyu ba ta saɓa ba da kanta za ta dinga cika, don mai zuwa asibiti zai daidaita da ita, malami irina zai ajiye babur, mai kai nono da mai kai kaji za su san yaushe za su fito bakin titi. Yanzu mutane ba sa fitowa ne don ba su da tabbas.

Kar wani ya ce Bahaushe bai san lokaci ba, wannan zancen banza ne. Mutumin da ke tashi sahur kafin alfijir wata guda cur bai makara ba? Kakana ya sha ba mu labarin jirgin Kano zuwa Nguru da aka shimfiɗa layinsa tun wajen 1930, wanda ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya ce mutane daga ƙauyuka masu nisa suke tahowa da jakuna da gyaɗa su iso tasha kafin jirgi, don sun san shi ba ya jiran ko sarki. Sannan ga maƙwabtanmu nan, mu da muke bakin iyaka muna shiga Damagaram mun gani da idonmu, bas-bas na kamfanoni irin su Rimbo in za ka Yamai tun jiya kake yankar tikiti, a ce ka zo kafin asuba, kuma in ka yi wasa sai dai ka tarar da ƙurarsu. Hausawa ne irinmu ke hawa, ba wanda ya ce al'adarsa ta hana shi zuwa da wuri. Gaskiya su ma can ƙauyukansu fama suke da irin namu, amma dai sun nuna mana abin yana yiwuwa.

Na san abin da za a ce, gwamnati ba ta iya riƙon mota ba, kuma da gaskiyar masu faɗa. Duk mun ga gawarwakin bas a bayan sakatariyoyi, tayoyi sun nutse a ƙasa, an cire injin an cire kujeru, awaki na kwana a ciki, wasu ko shekara uku ba su yi a hanya ba, saboda ranar da aka sayo su ba wanda ya yi tanadin kayan gyara ko ya tambaya ko bakaniken garin ya san irin injin, kuɗin da suke samowa kuma ya bi ta inda ya bi. Shi ya sa ni ban ce a sayo ko ɗaya ba. Motocin suna nan, direbobin suna nan, sun san kowane rami da kowace kwana, sun san wace tsohuwa ce ke sauka a gindin wace tsamiya. A zauna da 'yan yuniyon ɗin direbobi, wato NURTW, na kowace ƙaramar hukuma a ce ga hanya kaza, muna son sawu biyu a rana a kan lokaci kaza, kuɗin fasinja kaza, abin da ya gaza na mai mu za mu cika maka duk sati, sharaɗi ba lodin wuce ƙa'ida kuma ba jira. Wanda ya saɓa sau uku a ba wani. Direba ya samu abin da ya tabbata, fasinja ya samu lokaci, gwamnati ba ta da ruwa da faci ko bakanike. Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, an taɓa haɗa kai da direbobin yuniyon ɗin nan wajen kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa a jihohin nan namu, ga kuma shirin Haihuwa Lafiya da mutanen Jigawa suka sani, kenan an san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

E, za a yi ƙoƙarin cuwa-cuwa, ni ma ɗan ƙasar nan ne, za a rubuta sawun da ba a yi ba, za a sa motar ɗan'uwan kansila ko da ba ta da birki. Maganinsa a fito da abin fili, a rubuta lokacin da kuɗin da lambar motar da manyan baƙaƙe a allo a kafa a ƙofar mai unguwa da bakin masallacin Juma'a, a sanar a rediyo, littafin sa hannu kuma a ajiye shi a wajen mutum biyu da ba sa ga maciji da juna, misali hedimasta da sarkin kasuwa. Mutanen ƙauye in suka san haƙƙinsu ne ba sa yin shiru, ka taɓa ganin yadda suke tsare layin taki?

Kuma ni a ganina wannan aikin ƙananan hukumomi ne tun kafin a je ga gwamna. Muna da 27 a jihar nan, kuma tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a dinga ba su kuɗinsu kai tsaye. Ko ma dai yaya ake ciki da wannan, ciyaman ɗin da zai iya raba babura ga 'yan siyasa da kujerun Makka zai iya cika wa mota huɗu mai. A fara da kaɗan, hanya biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma, a zaɓi waɗanda suka bi ta asibiti da sakandare, a daidaita da ranakun kasuwa, ranar Alhamis a ƙara sawu ta wajen Maigatari ranar Lahadi ta wajen Gujungu, a sa motar ƙauye ta iso kafin ta Dutse ko ta Kano ta tashi don mutum ya sauka daga wannan ya hau waccan. Yankin Hadejia da Auyo da Guri kuma da ruwa ke yanke wa hanya, kamar yadda muka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022, nasu sai an haɗa da kwalekwale mai lafiya da rigar ruwa a lissafin, don can da damina jirgin ruwa shi ne bas ɗinsu.

Wata alfarma ɗaya da zan ƙara, don matata ta ce in ban rubuta ba kar in dawo mata gida, a ware wa mata kujerun gaba ko layi guda. Ta ce ku maza ba ku san abin da mace ke gani ba in an cusa ta tsakanin ƙarti da goyo a baya da kaya a cinya, wata saboda wannan kaɗai take fasa zuwa awo. Na rubuta Hajiya, kin gani.

Ana ta maganar layin dogo na Kano zuwa Maradi da zai bi ta Kazaure da Daura har da reshe zuwa Dutse, muna murna, Allah Ya nuna mana. Amma ko ya zo, mutumin ƙauyenmu sai ya fara isa tashar tukuna, kuma da wannan motar ta saura mutum ɗaya zai isa.

Don Allah Malam Edita in da hali ka turo wakilinku ya zo ya kwana a Gumel ranar Laraba, da asuba in ɗauke shi mu je tasha, kar ya zo da motar ofis, ya shiga ta haya ya zauna a baya tare da mu ya duba agogonsa daga sanda ya biya zuwa sanda taya ta motsa, sannan mu wuce ƙauyen da nake aiki ya gwada dawowa bayan azahar. Masauki da tuwo a wuyana, kuɗin mota dai kowa ya biya nasa, don wata ya yi nisa kuma babur ɗina yana wajen bakanike tun ranar Asabar ana jiran fistin daga Kano, an ce an ba wani direba saƙon, motarsa ce ba ta cika ba tukuna.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani malamin firamare,
daga Gumel, Jihar Jigawa.